Kara da Takarda: Tarihin Abin Wasa Mai Motsi a Ƙasar Kura da Dawakin Kudu

Akwai wani tsuntsu da ake yi da fallen takarda guda, tsawonta da faɗinta ɗaya, ba almakashi, ba gam. Ninki ne a kan ninki har wuya ya fito, fukafukai su buɗe, wutsiya ta miƙe. In aka riƙe ƙirjinsa da yatsu biyu aka ja wutsiyar, sai ya kaɗa fukafukai. Akwai kuma kwaɗo, wanda ake yi wa ninki biyu masu saɓa wa juna a ƙugu, a danna bayansa a saki, ya yi tsalle. Wannan aikin hannu shi duniya ta sani da sunan origami, kuma da Japan ake danganta shi. A makarantun firamare na Kura da Bunkure da Dawakin Kudu da wuya a sami yaron da bai iya cire takarda daga tsakiyar littafinsa ya ninke jirgin sama ko kwalekwale ko fanka ba, amma duk wannan abu ne na jiya-jiya, kakannin kakanninsu ba su yi shi ba. Me ya hana su? Ƙasar da ta fitar da masaƙa da marina da dukawa waɗanda kayansu suka kai Agadas da Timbuktu da Tarabulus, ba mai cewa hannu ne ya gaza mata. Amsar da nake ganin hujja ta fi ƙarfafawa ita ce, yaro ba ya zaɓar abin da zai ƙera abin wasa da shi, abin da manya suka yar shi yake tsinta. Wanda yake son sanin tarihin abin wasa a wani gari sai ya binciki abu biyu: abin da garin yake zubarwa a kowane zamani, da lokacin da yaransa suke samun sarari. A ƙasar Kano an yi shekaru ɗaruruwa takarda ba ta cikin abin da ake zubarwa. Kara ne yake ciki.

Kafin zuwan Turawa ba a yin takarda a ƙasar Hausa, ba a yin ta a Borno ko Timbuktu, duk da tarin littattafan da aka rubuta a waɗannan wurare. Kusan kowane falle daga ƙetaren Sahara ya zo. Asalin sana'ar daga ƙasar Sin ne, ta biyo ta Samarƙand da Bagadaza a ƙarni na 8, ta shiga Andalus, ta sauka Italiya a ƙarni na 13. Zuwa ƙarni na 19, takarda mai yawa da malaman Kano da Sakkwato suke rubutu a kai daga masana'antun arewacin Italiya take, irin na gidan Galvani da ke yankin Pordenone, kuma in aka ɗaga ta a rana ana ganin tambarin jinjirin wata uku a cikinta. Sai ta hau jirgin ruwa zuwa Tarabulus ko Masar, ta hau raƙumi ta ratsa hamada wata da watanni kafin ta iso kasuwar Kurmi. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a farkon 1851, ya lissafa ta cikin hajar da ake kawowa daga arewa, ya ambaci tambarin nan, ya kuma bayyana cewa da ita ake naɗe tufafin da ake yi a ƙasar. Wannan bayani ya shafi Kura kai tsaye. Kura ce cibiyar turkuɗi da rawani ɗan Kura, baƙin yadin da ake turawa a marina, a kai mabuga a buga shi da shuni har ya riƙa ƙyalli, Buzaye su saya da tsada. Irin wannan yadi shuninsa yana zuba a hannu, ƙura kuma tana kashe masa ƙyalli, don haka sai an ninke shi an naɗe a takarda kafin ya kama hanya. Gaskiya ne Barth ya lura cewa mai sayen ta da yawa yana samun ta da sauƙin kuɗi, amma sauƙi ga falke ba shi ne kyauta ga yaro ba. Kayan aiki ce, da wuri aka saye ta, kuma tare da yadin take komawa hamada. Ba ta kwana a juji balle wani ya tsinta.

Takardar rubutu kuwa tana da katangar da ta fi tsada ƙarfi, wato alfarma. Almajiri a kan allo yake koyon rubutu, da tawadar da ake wankewa a sake rubuta wani, kuma allon nan kansa shaida ne cewa takarda ta fi ƙarfin ɗan koyo. Sai wanda ya haddace, hannunsa ya faɗa, yake zama ya rubuta Alƙur'ani falle-falle, a haɗa a tadarishi, a sa a gafaka. A irin wannan al'umma kusan duk takardar da ido zai gani da rubutu a jiki, ko dai sunan Allah ne a kai, ko wasiƙar sarki ce, ko hukuncin alƙali. Har yau dattijo in ya ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa sai ya sunkuya ya ɗauka, ya soke ta a tsagar bango ko ya ƙona, don kada a taka. Yaron da ya tashi yana ganin haka ba zai mai da ita kwaɗo ba ko da ya samu. Sai dai kuskure ne a ce Bahaushe bai iya ninkin takarda ba. Laya ai ninkin takarda ce: malam ya rubuta ayoyi ko hatimi, a ninke fallen a kan kansa har ya koma ɗan mitsitsi, a ɗaure da zare, a kai wa baduku ya rufe da fata. Wasiƙa ma ninke ta ake yi kafin a ba manzo. In aka haɗa da ninkin turkuɗi a mabuga da naɗin rawani iri-iri, za a ga gwanintar ninki tana nan birjik. A hannun manya kawai ta tsaya, cikin ibada da fatauci da ado, ba ta gangaro dandali ba.

Abin da ya gangaro dandali shi ne kara. Da an yanke gero da dawa, gonakin Dawakin Kudu da Tsakuwa da Tamburawa da Bunkure sai su cika da shi. Manya su ɗebi na danga da na gado da na girki, a ba dabbobi karmami, a ƙona wani a sami toka, amma duk da haka sai ya yi saura, saurar kuma ta yara ce. Karan dawa abin kallo ne ga wanda ya lura da ƙirarsa. Bayansa ɓawo ne mai tauri da santsi, ana tsaga shi siri-siri, ya tanƙwaru bai karye ba, in an sake shi ya koma yadda yake. Cikinsa totuwa ce mai laushi da rashin nauyi, reza na yanka ta, ɓawon kansa ma yana yanka ta. Yaro sai ya fere ɓawon ya zama tsinke, ya soka a totuwa, ta riƙe shi ƙam. Da wannan dabara ɗaya, soka mai tauri cikin mai laushi, ake gina komai: kejin tsuntsu mai ƙofar da ke buɗewa, tabarau, bindiga, gado da kujerar 'yar tsana, da ita kanta 'yar tsanar da 'yan mata suke yi wa kitso su ɗaura mata zane har su yi mata biki. Ƙusa da katako da abin lanƙwasa duk suna cikin kara guda, kuma ko anini ba a biya ba. Mafi sauƙin cikinsu shi ne dokin kara, wanda yaro yake yi wa linzami da igiya ya hau ya yi sukuwa yana kwaikwayon hawan salla. Shi motsinsa a ƙafar mahayinsa yake. Mafi wuya kuwa motar kara ce, mai ƙafafun da aka yanko daga sakaina, da tsinken da ya ratsa su suna juyawa a kansa, da dogon sitiyari na sille wanda mai motar yake riƙewa yana tafe a tsaye. Gwanaye suna haɗa ta yadda in aka murɗa sitiyarin ƙafafun gaba za su karkata. A bakin kogi da kududdufai kuma akwai yumɓu, inda ake gina shanu masu tozo da raƙuma da dawakai a shanya a rana.

Motar kara tana da wani amfani ga mai binciken tarihi, domin ana iya ƙiyasta shekarunta. Ba za ta girmi motar gaske ba, motar gaske kuwa ba ta zama abin gani a karkarar Kano ba sai bayan da jirgin ƙasa ya iso birni a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, manyan motoci suka fara shiga ƙauyuka suna kwasar buhuna. Wato abin da mutane da yawa suke ɗauka gadon kaka da kakanni ne, da kaɗan ya haura shekara ɗari, in ma ya kai. Yaran da suka fara yin ta dabarar keji da gadon 'yar tsana suka ɗauka suka ɗora wa sabon abin da ya ɗauki hankalinsu, kamar yadda na bayansu suka yi jirgin sama da rediyo na kara. Jirgin ƙasan kuma ya kawo sabon juji. Garwar kananzir, gwangwanin madara da na kifi, langalangar da ake ɗaure dilar kaya, waya, marfin kwalba, daga baya tsohon silifa da ake yanko ƙafar mota a jikinsa: duk wanda ya bayyana a bola, ba a daɗewa sai a gan shi da ƙafa huɗu a hannun yaro. Ba malamin da ya koyar, ba littafin da ya zana. Wa ne yake yi ƙane yana kallo yana miƙo tsinke, har ranar da za a bar shi ya haɗa ƙafa ɗaya da kansa.

Wani zai ce duk wannan kewaye-kewaye ne, dalilin gaskiya addini ne: Musulunci ya yi hani da surar mai rai, shi ya sa tsuntsu da kwaɗon takarda ba su sami gindin zama ba. Hanin yana nan, kuma ya yi tasiri a kan sana'ar manya. Shi ya sa adon ginin Kano da na sirdi da na babbar riga ya karkata ga zayyana da dagi maimakon siffar mutum ko dabba. Amma bai bayyana abin da ke faruwa a dandali ba. Da shi ne ya hana, da ya hana saniyar yumɓu da 'yar tsana, waɗanda suka fi tsuntsun takarda kama da mai rai nesa ba kusa ba, ga su kuwa ana yin su har a ƙofar gidajen malamai. Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun ware abin wasan yara daga wannan hukunci, suna kafa hujja da 'yan tsanan Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. A ruwayar Abu Dawuda har da doki mai fukafukai biyu a cikinsu, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani ya yi dariya bai hana ba. Addini ya taɓa makomar takarda a ƙasar nan, babu shakka, amma ta ƙofar girmama rubutu ya shigo.

Ƙalubale na biyu ya fi nauyi. Ai a Japan ma takarda ta yi tsada ta kuma yi alfarma, amma can aka yi origami, ashe tsada ba hujja ba ce. In aka bi tarihin Japan ɗin daki-daki, sai a ga yana goyon bayan maganar. Takarda ta shiga can daga Sin ta hanyar Koriya wajen ƙarni na 7, kuma an yi ɗaruruwan shekaru ninkinta bai wuce wuraren bauta da gidajen manya ba: ado a wurin ibada, ƙa'idar naɗe kyauta, malam-buɗe-littafi biyu na takarda da ake ɗaura wa kwalaben bikin aure. Wannan shi ne takwaran layarmu da naɗin turkuɗinmu. Ninkin wasa bai bayyana sosai ba sai zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, lokacin da manoma a ƙauyuka suka riƙa yin takarda da ɓawon wasu itatuwa da suke nomawa, da sanyi in aikin gona ya ƙare, har ta yi arhar da ake liƙa ta a ƙofa da laima da fitila. Littafin ninkin wasa mafi daɗewa da aka sani, wanda ya koyar da fitar da gauraki masu yawa a haɗe daga falle ɗaya, a 1797 aka buga shi, sama da shekara dubu bayan shigar takarda ƙasar. A Japan takarda ta zama amfanin gona, aikin da manomi yake yi bayan girbi. A Kano amfanin gonar da ya riƙe wannan matsayi kara ne.

Shi kansa origamin da ake gani yau bai kai tsufan da ake zato ba, kuma da hannun wasu a ciki. Makarantar ƙananan yara da Bajamushe Friedrich Froebel ya ƙirƙiro wajen 1840 ta sa ninkin takarda cikin darussanta, don yara su gane murabba'i da kusurwa da rabi da rubu'i da hannunsu. Da Japan ta buɗe irin wannan makaranta a Tokyo a 1876, sai tsarin Jamus ya haɗu da ninkin gida. Tsuntsu mai kaɗa fukafukai ya fito a mujallar kimiyya ta Faransa, La Nature, a 1885, inda aka ce daga masu dabo na Japan aka samo shi. Akira Yoshizawa, wanda ya rayu daga 1911 zuwa 2005, shi ya mai da abin fasahar manya, kuma alamomin ɗigo-ɗigo da kibiya da ya tsara su suka sa wanda bai ji Japananci ba yake iya bin zane ya ninke. Makaranta da ɗab'i da takarda mai arha suka yaɗa shi duniya, su ne kuma suka kawo ninkin wasa ƙasar Kano, a makare.

Hans Vischer, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909, amma 'yan kaɗan ne suka shiga, kuma makarantun elementare na En'e da suka biyo baya ba su kai ga yawancin yaran karkara ba. Abin da ya fara karya alfarmar takarda jarida ce. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939, yaƙi da jahilci ya baza ƙasidu a ƙauyuka a shekarun 1950, sai ga wani abu da ba a saba gani ba: takarda mai rubutu wadda amfaninta yake ƙarewa, ta jiya ta zama tsohuwa. Mai tsire da mai ƙosai da mai gyaɗa suka fara naɗe kaya da ita. Buhun siminti na takarda ya zo, kwalin sukari da na ashana suka zo. A tunanin jama'a aka sami takarda iri biyu, mai Larabci da ake ɗauka a ɗaukaka, da ta boko da ake iya yarwa. Masana'antar takarda ta Jebba ta fara aiki a 1969, sannan a watan Satumba na 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Daga wannan shekara ne littafin rubutu ya shiga jakar ɗan manomi a ƙauyukan da a da ba su da ko aji ɗaya, kuma duk littafin da ya cika, ko wanda malam bai ƙirga shafukansa ba, jirage ne da kwalekwale.

A daidai waɗannan shekaru ne kuma ƙasar Kura da Bunkure ta canja fuska. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, aka kammala a 1974, a 1976 aka kafa hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are wadda ta karɓi aikin. An tsara shayar da hekta 22,000 a kashin farko, ko da yake abin da aka kammala bai kai haka ba. Aka share gonaki, aka baje su, aka haƙa magudanai, ruwa ya riƙa gangarowa da kansa zuwa Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure. Alkama da tumatir da shinkafa da masara da albasa suka shiga filayen da a da dawa da gero suke tsayawa. Ta fuskar abinci da kuɗi wannan alheri ne babba, kuma duk wanda ya ga kwandunan tumatir a Kwanar Gafan ko injinan shinkafa a Kura ba zai musa ba. Ta fuskar abin da gona take bar wa yaro kuwa, an yi musanya. Karan shinkafa da na alkama sirara ne, gajeru, ba totuwar da za ta riƙe tsinke. Tumatir da albasa ba sa barin komai. Karan masara yana da totuwa, amma ba shi da dogon sille irin na dawa. A madadin haka sai ga ruwa mai gudu a tsakiyar rani, abin da kwalekwalen takarda yake buƙata, ko da yake ruwan nan ne kuma ya zama matattarar tsargiya ga yaran da suke wanka a ciki.

Nan ma akwai ja. Aikin ban-ruwa bai cinye ƙasar duka ba. A kan tudu, da yawancin ƙasar Dawakin Kudu, har gobe dawa ake nomawa, kuma yaron Kura ba zai yi tafiya mai nisa ba kafin ya ga kara. Haka ne, kuma shi ya sa nake ganin babban abin da noman rani ya canja lokaci ne, fiye da kara. A da, shekarar manomi kashi biyu ce. Da an kai amfani rumbu, manya su koma saƙa da rini da fatauci ko su tafi cin rani, yara kuma su sami watanni ga kara a zube ga rana mai tsawo. Motar kara mai kyau aikin kwanaki ce: a zaɓo kara, a fere, a gwada, ta karye, a sake. Noman rani ya cike waɗannan watanni da aiki. Akwai dashe, akwai ban-ruwa, akwai korar tsuntsu a gonar alkama da shinkafa, akwai tsinkar tumatir, ga boko da safe ga Islamiyya da yamma. Shi kansa karan ya yi kuɗi, domin itacen girki ya yi wuya, dabbobi sun yi yawa, dami-dami ake sayar da shi. Jirgin takarda kuwa kafin malam ya juyo daga allo an gama shi. Abin wasan takarda ya dace da yaron da yake da falle a jaka amma ba shi da yini guda nasa na kansa, wannan kuwa shi ne yaron da shekarun 1970 suka haifar a yankin.

Saura mai cewa wasan yara bai kai a ɓata masa tawada ba. Dalilin da ya sa ake raina shi a fili yake: gara tana cin kara, murhu yana cinye sauran, gidajen tarihi kuma takubba da riguna da tambura suke ajiyewa. Amma abin wasa mai motsi ya bambanta da wanda ake ajiyewa a kalla, domin ba ya karɓar ƙarya. Kwaɗon takarda yana tsalle ne saboda ninkin ƙugunsa yana tara ƙarfin yatsa ya sake shi gaba ɗaya; in takardar ta yi laushi ba zai tashi ba, in ta yi kauri ninkin ba zai kwanta ba. Tsuntsun yana kaɗa fukafukai ne saboda wutsiya da fiffike falle ɗaya ne, jan wannan yana jan wancan. Motar kara in ƙafafunta ba su daidaita ba sai ta riƙa karkacewa, kuma yaro ne zai gano dalili ya gyara. Wannan shi ne tunanin injiniya tun yana ɗanye. Masana sun ɗauki abin da gaske: ninkin da Koryo Miura ya ƙirƙiro an gwada shi wajen buɗe farantan hasken rana na wani tauraron ɗan Adam na Japan a 1995, kuma a 2014 Manu Prakash da abokan aikinsa a jami'ar Stanford suka fito da madubin ganin ƙwayoyin cuta da ake ninkewa daga takarda, wanda kayan haɗa shi ba su kai dala ɗaya ba. Jihar Kano ta buɗe makarantar kimiyya ta Dawakin Kudu a 1977, tare da ta Dawakin Tofa, don ta sami likitoci da injiniyoyinta. Ɗan karkarar da ya shiga wannan makaranta bayan ya yi ƙuruciyarsa yana haɗa sitiyarin sille ya riga ya san juyi da nauyi da daidaito a hannunsa, sunayensu kawai ya zo koya. Haka makanikai da masu walda da suke gyara injin ban-ruwa a bakin titin Kura.

Yau juji ya fi na kowane zamani girma, amma ya fi kowanne talauci ga mai son ƙira. Leda ta kori takarda daga wurin mai ƙosai, siminti ya koma buhun roba, masana'antar Jebba ta durƙushe a shekarun 1990, littafin rubutu ya sake yin tsadar da uba yake ƙirga shafukansa. Leda ba ta riƙe ninki, ba ta karɓar tsinke. Iyakarta a dunƙule ta a ɗaure ta zama ƙwallo. Motar roba ta ƙasar Sin da ake saye da salla tana tafiya da kanta, in ta lalace kuma ba ta gyaruwa, don ba a yi ta yadda yaro zai buɗe ya ga cikinta ba. Ban ga amfanin zagin wayar hannu a kan wannan ba, tunda a cikinta ne yaro zai iya kallon yadda ake ninke tsuntsun nan daga farko har ƙarshe. Abin da nake gani shi ne, tunda sararin da dandali yake bayarwa ya ƙare, makarantar da ta karɓe lokacin ita ya kamata ta mayar da wani abu daga ciki. Darasin aikin hannu a firamare ba ya buƙatar kasafi: tsofaffin takardun jarrabawa da fastocin siyasa da ake bari a bango bayan zaɓe sun isa kwaɗo da tsuntsu na aji guda. Kuma kada a koyar da na Japan a bar na gida, kamar ɗaya ilimi ne ɗaya ƙauyanci. Origami yana da littattafai da zane da bidiyo, ba zai ɓace ba ko Kano ba ta koya ba. Haɗin sitiyarin motar kara kuwa a hannun magidanta yake, waɗanda suka yi ƙuruciya kafin leda da motar roba, yanzu suna gona ko gareji ko kasuwa. Su ya kamata shugaban makaranta ya gayyato, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da aka yanke dawa kara ya bushe kuma ba a kai ga ƙone shi ba.